Muryar Barakisa a Bakin Kura

Magariba ta sauko wa unguwar Koko yadda ta saba saukowa a birnin Bobo, a hankali, tana tafe da hayaƙin gawayi da ƙarar baburan masu komawa gida. A tsakar gidan Malam Lasina Watara, yayarsa Mabintu tana kwashe tuwo a gindin mangwaro. Shi kuma yana zaune a kujerar ƙarfe da takardun ɗalibai a cinyarsa, yana riƙe da jan biro, bai duba ko ɗaya ba. 'Yarsa Matene tana ɗaki tun da suka dawo. Ba ta ci abincin rana ba, ba ta kuma ce wa kowa uffan ba.

Ladan yana sauke kiran salla, wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Ba ƙarar dutse ba ce. Dutse yakan buga, ya gangara, ya faɗi ƙasa. Wannan kuwa da taushi ya sauka, ya zauna inda ya sauka.

"Jemagu ne," in ji Malam Lasina, bai ɗaga kai ba.

Malamin kimiyya ne, ya daɗe yana koyarwa a sakandare, kuma tun da Mabintu ta san shi bai taɓa rasa bayani a kan komai ba. Ta dube shi, ta ci gaba da kwashe tuwonta.

Na biyu ya faɗo. Na uku bai tsaya a rufi ba, a gaban ƙafarsa ya dira. Ya sunkuya ya ɗauka. Dunƙulen yumɓu ne kamar lemon tsami, ruwan ƙasa mai ɗigon baƙi, da sanyi kamar an tsamo shi daga randa. A jikinsa akwai shatin babban yatsa, a fili, sai dai yatsan ya fi na mutum tsawo.

"To, jemagun bana sun koyi ginin tukwane," in ji Mabintu.

Ya juya dunƙulen a tafin hannunsa. Ya san yumɓun. Da safiyar ranar ya gan shi.

Da safiyar ya kwashi ɗaliban ajinsa, har da Matene, ya kai su ziyara wani ɗan sutudiyo da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda ake yin gajerun finafinai da 'yan tsana na yumɓu. Mai wurin, Zumana Kulibali, abokinsa ne tun suna ɗaukar allo. Sannan Watara da Kulibali abokan wasa ne tun kakanni: a yi zagi, a yi gori, ba a fushi. Wanda ya yi fushi da abokin wasansa shi ne abin kunya, ko da shi aka cuta.

"Ga bawana ya kawo mini 'ya'yan mutane!" Zumana ya faɗa daga bakin ƙofa. "Ku shigo, yara. Kada ku damu da malaminku, wake ne ya cika masa ciki."

Ya nuna musu aikin. Ga ƙauye guda a kan tebur, da rijiya da rumbu da bishiyar kuka, duka ba su wuce faɗin tabarma ba. Ga 'yan tsana jere a kan kanta, kowanne da waya a cikinsa maimakon ƙashi. Sai ka motsa hannun 'yar tsana kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero, ka janye, a ɗauki hoto. Ka sake motsawa, ka janye, a ɗauka. Idan aka jera hotunan aka sake su da sauri, sai yumɓu ya tashi yana tafiya.

"Duk sana'ar abu ɗaya ce," in ji Zumana. "Kada a ga hannun. Kuma da murya ake farawa. Sai an samu murya ake gina mata baki."

Daga nan ya kashe fitila, ya haska musu sabon fim ɗinsa, wanda ya ce an karɓa a babban bikin finafinai na Wagadugu. Labarin wata kura ce da ta ɗaura zane, ta zauna a bakin rijiya tana lallashin ɗan akuya ya yi barci don ta cinye shi. Yara suna ta dariya. Sai kura ta buɗe baki ta soma waƙa.

Muryar Barakisa ce. Matarsa, uwar Matene, wadda ta rasu yarinyar tana ajin farko na firamare.

Waƙar lallashin jariri ce da Barakisa ta gada wurin kakarta. A danginsu ana cewa wata aljana ce ta koya wa kakar kakarsu a bakin rijiya, kuma ba a yin ta sai a ɗaki, sai a kunnen jariri. Malam Lasina bai taɓa ɗaukar zancen da nauyi ba. Wata rana, Matene tana goye, ya ɓoye rakoda a bayan labule ya ɗauki waƙar a kaset. Bayan rasuwar, kaset ɗin ne kaɗai abin da ya rage mai muryarta. Da ya soma shaƙewa saboda tsufa, ya kai wa Zumana, tunda shi ke da na'urori. Ya ce masa, "Ka raya mini ita." Zumana ya gyara, ya dawo masa da kaset, ya ƙi karɓar ko godiya.

Yanzu ga muryar tana fita daga bakin kura mai haƙoran waya, kura tana lashe baki a ƙarshen kowane baiti, ɗalibai suna buga tebur don dariya. Da aka kunna fitila suka yi tafi. Malam Lasina, wanda bai san abin da zai yi da hannuwansa ba, shi ma ya tafa. A daidai lokacin Matene ta juyo ta dube shi. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ne kawai, har sai da ya sauke hannuwansa.

Wannan ne abin da bai gaya wa Mabintu ba a magaribar farko.

Kwanakin da suka biyo baya, gidan ya koyi wani sabon hali. Da rana lafiya lau. Da rana ta karkata, inuwar mangwaro ta kai bakin rijiya, sai kaya su soma canza wuri. Ba wanda ya taɓa ganin abu yana motsi. Buta tana nan a gindin bango. Ka ƙifta ido, ta matso kaɗan. Ka sake ƙiftawa, ta ƙara matsowa. Mabintu ta zauna ta zura wa turmi ido har hawaye suka zubo mata, turmi bai motsa ba. Tana share ido, ya juya bakinsa ya fuskanci ɗakin Matene.

Malam Lasina ya ce ƙasar gidan ce take da gangara. Ya kawo ma'aunin magina ya gwada. Ƙasa ta fito daidai, abin da ya ɗauka a matsayin rashin kirki daga wurin ma'aunin.

Ita Matene har yanzu ba ta magana. Ya kai ta asibiti, likita ya haska idonta, ya ce gajiyar karatu ce, ya rubuta maganin ƙarin jini. A yammacin ranar ta fito tsakar gida, sai suka ga yadda take tafiya. Ba tafiyar mutum ba ce, wadda gaɓa ke bin gaɓa. Ƙafa takan ɗaga kaɗan ta tsaya. Ta ƙara ɗagawa ta tsaya. Kai ya juya gutsi-gutsi, kamar akwai wanda yake gyara ta, ya janye hannu, ya dawo. Ta kai bakin rijiya ta zauna, ta buɗe baki ta rufe, ta buɗe ta rufe, babu sauti. A kumatunta akwai shatin dogon yatsa.

Mabintu ta ajiye ludayi.

"Lasina," ta ce da ƙaramar murya, "wannan ma jemagu ne?"

Ya gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ka ɗauki waƙar a ɓoye, ka kai wa mai 'yan tsana, sannan ka tafa."

"Ban ba shi don ya sa a fim ba, Yaya."

"Je ka gaya wa yarinyar haka. Ita tafin ta gani."

Washegari ya hau babur ya tafi sutudiyo. Ya tarar da Zumana a durƙushe yana gyara wa kura wutsiya.

"Ka cire muryar matata daga bakin dabbar nan."

"A'a, bawa ya zo yi wa ubangidansa tsawa?" Zumana ya yi dariya. "Kai ka ce in raya ta. Da bakinka. To, ni sana'ata ke nan, rayawa. Ka kai wa mahauci akuya ka ce ya kula da ita, me kake jira?"

"Ka san abin da nake nufi."

"Na san abin da ka ce. Haba, Watara. Muryar nan tana ruɓewa a akwatinka, ba mai ji sai kai da kyankyasai. Yanzu duniya za ta ji ta."

"A bakin kura."

"Kura ce tauraruwar fim ɗin!"

Malam Lasina ya gaya masa halin da Matene take ciki. Zumana ya murza yumɓu a tsakanin yatsunsa, ya ce yara mata a wannan shekarun sai a hankali. Sannan ya dafa kafaɗarsa ya tuna masa cewa ba a fushi da abokin wasa. Malam Lasina ya fito yana jin abin da bai da suna a littattafan da yake koyarwa. Shekara da shekaru wannan mutumin ne yake zuwa masa ta'aziyya, shi ya riƙe ƙafar makarar Barakisa.

Mabintu ba ta ƙara neman shawararsa ba. Ranar Alhamis bayan la'asar malamin ruƙiyyar da ta kira, Karamoko Sanogo, ya iso a kan wani tsohon babur, dattijo siriri mai tabarau ɗaure da zare. Ita da kanta ta je ta taho da Zumana, tana riƙe da hannun rigarsa tun daga titi, da kwamfutarsa a jaka. Ita ma Watara ce, tana da ikon zaginsa, kuma ta yi amfani da ikon har ƙofar gida.

Karamoko ya zauna a tabarma, ya dubi dunƙulen yumɓun da Mabintu ta tara a kwano, ya dubi yarinyar da ke bakin rijiya.

"Malam, an ce ba ka yarda da irin wannan ba."

"Ban ga hujja ba tukuna," in ji Malam Lasina.

"Madalla. Zauna nan kusa, kada ta wuce ka."

Ya soma karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, kuma yakan tsaya ya yi tari. Inuwa ta ci tsakar gida. Kajin maƙwabta suka yi shiru, baburan titi suka zama kamar daga wani gari suke. Hayaƙin murhun gawayi ya miƙe sama tsaye, ba ya karkata. Karatu ya yi nisa, sai kan Matene ya soma juyowa, gutsi-gutsi, har ta fuskance su.

"Ya isa, dattijo. Kana ƙona ni."

Malam Lasina ya ɗago kai. Muryar Barakisa ce, har da 'yar shaƙewar da takan yi idan ta tashi daga barci.

"Ke wace ce?" in ji Karamoko.

"Mai waƙar."

"Matar gidan nan ta rasu. Kada ki yi mana ƙarya da muryarta."

"Ban ce ni ce ita ba. Muryar na tarar a yashe, na ɗauka. Waƙar kuwa tawa ce. Aro na ba kakarsu a bakin rijiya, ranar da ɗanta ya ƙi barci. Sharaɗi biyu na yi: daga bakin da ke numfashi, zuwa kunnen jariri. Mata suka riƙe mini amana, uwa ta ba 'ya, ba wadda ta saɓa. Sai namiji ya laɓe a bayan labule."

Ba wanda ya dubi Malam Lasina, abin da ya fi kallon ciwo.

"Wannan na haƙura," muryar ta ci gaba, "don shi kaɗai yake ji, yana kuka. Amma a sa ni a bakin laka, yara suna dariya? Yarinyar nan tana tsaye a wurin, zuciyarta a buɗe kamar ƙofar da aka ɓalle. Na shiga."

"Me kike so?"

"Ita. Ita ce ta ƙarshe a jikokin. Murya a madadin murya."

"Ba za ki samu ba," in ji Karamoko, kamar mai taya goro a kasuwa. "Faɗi wani abu."

"Ba na son zakara, kada ka fara."

"Ban yi niyya ba, zakara ya yi tsada. Faɗi."

Buta ta matso kusa da tabarma, ba wanda ya ga lokacin.

"A fitar da muryar daga duk abin da ba ya numfashi. Duka."

Karamoko ya juya ga Zumana. Zumana, wanda tun da aka fara yake zaune a gefe, hannunsa ɗaya a aljihun riga, ya soma zancen bikin Wagadugu da wahalar da aka sha. Mabintu ta miƙe da muciya a hannu. Ya buɗe kwamfuta, ya goge a gabansu, ya ɗora hannu a kan littafin Karamoko ya rantse cewa muryar da ya ɗauko daga kaset ba ta saura a ko'ina a wurinsa.

"Saura ɗaya," in ji muryar.

Malam Lasina ya san za a zo nan. Ya shiga ɗaki ya fito da kaset ɗin, ya tsaya riƙe da shi a gaban murhu.

"Karamoko, ba ni da hotonta mai motsi. Ba ni da komai. Wannan ne kawai."

"Na sani, Malam," in ji dattijon. "Ga wadda ta tafi a hannunka, ga wadda ta rage a bakin rijiya. Ni ba zan zaɓa maka ba."

Malam Lasina ya dubi Matene. Ta cikin idanun da ba nata ba, ya ga kamar akwai mai jiran ta ga abin da hannuwansa za su yi wannan karon. Ya saka kaset ɗin a garwashi. Roba ta narke, zaren ya nannaɗe ya yi baƙi, wari ya cika gidan.

"To," in ji muryar, ta yi laushi. "Tunda ka biya, ji sau ɗaya."

Ta rera waƙar daga farko har ƙarshe, a hankali, da muryar Barakisa. Mabintu ta rufe fuska da gyale. Karamoko ya yi ƙoƙarin danne tarinsa, ya kasa, ya yi shi sau biyu a tsakiyar baiti. Da waƙar ta ƙare ya ce, "Yanzu fita. Ina za ki?"

"Na ga wani gida da jikuna suke jere a kan kanta, babu masu su. Idan an kira ni can, zan je. Idan ba a kira ba, rijiyata tana nan."

Matene ta yi atishawa, ta kife. Da ta farfaɗo ta nemi ruwa da muryarta ta kullum. Aka tambaye ta waƙar, ta ce wace waƙa. Tun daga ranar yumɓu bai sake faɗowa ba, buta kuma ta zauna inda aka ajiye ta. Yarinyar ta koma makaranta. Tana gaida ubanta da safe, tana kawo masa ruwa, tana cewa "to, Baba" a kan komai, da ladabin da ake yi wa baƙo. A kan babur takan riƙe ƙarfen baya, ba ta taɓa shi.

Bayan damina, wani malamin tarihi ya shigo ɗakin malamai yana murna, ya miƙa masa waya. "Abokinka ya ciyo kyauta a Wagadugu! Duba kurar nan, wai alƙalai sun ce ba su taɓa ganin yumɓu ya motsa haka ba."

Malam Lasina ya kalla. Kura ta ɗaura zane, ta zauna a bakin rijiya, ta buɗe baki. Waƙar ce, da muryar Barakisa, ta ma fi ta kaset tsabta. A tsakiyar baiti na biyu, can ƙasa-ƙasa, wani dattijo ya yi tari sau biyu.

Ya tuna hannun Zumana da ke cikin aljihun riga ranar karatun, inda yake ajiye wayarsa. Ya mayar da wayar, ya ce lalle an yi ƙoƙari. A matsayinsa na mai son gaskiya, ya yarda cewa Zumana bai karya rantsuwa ba. Muryar kaset ya rantse a kanta, kuma ita ya goge. Wannan sabuwa ce, ya ɗauke ta da ɗuminta daga bakin 'yar abokinsa, tana kwance a hannun aljana.

Bai gaya wa kowa ba a gida. Amma a makarantar da kowane ɗalibi ke da waya, bai yi zaton labarin zai jira shi kafin ya kai kunnen Matene ba.

Ranar ya ɗauko Matene daga darasin yamma, hanya ta bi da su ta bayan tashar jirgin ƙasa. Rana ta faɗi, ladan yana gyaran murya. Zumana yana tsaye a wajen sutudiyo, ya rame, ma'aikatansa sun watse, ƙofa a buɗe ba wanda ya yarda ya shiga. Ya ɗaga musu hannu su tsaya. Hannun ya ɗaga kaɗan ya tsaya, ya ƙara ɗagawa ya tsaya.

"Watara! Ubangidana, don Allah. Ina gidan dattijon nan yake?"

Malam Lasina ya sa ƙafa a ƙasa, bai kashe babur ba. A kan rufin kwanon sutudiyo wani abu ya sauka da taushi, ya zauna inda ya sauka. Wani ya biyo shi. Daga ciki, inda fitila take a kashe, ana jin ƙananan ƙafafu suna sauka daga kan kanta.

Ya karkata kai ya saurara da kyau, yadda ya kamata malamin kimiyya ya yi kafin ya yanke hukunci.

"Jemagu ne," ya ce.

Ya ja babur. Sun kusa kwanar kasuwa, ya ji Matene ta saki ƙarfen baya, ta riƙe gefen rigarsa.